Dajin da Aka Hana wa Titi

A arewacin jihar Minnesota ta Amurka, dab da iyakar Kanada, akwai dajin da ake kira Boundary Waters. Faɗinsa ya haura eka miliyan ɗaya, tafkunan cikinsa sun fi 1,000. Babu titi, babu kanti, babu lantarki, a yawancin tafkunan kuma an hana jirgi mai inji. Amma da zarar sanyi ya wuce, sai ka ga magidanci ya ɗaura kwalekwale a saman mota, ya kwashi iyali sun nufi garin Ely, daga can su shiga ruwa su yi kwanaki ba a jin ɗuriyarsu.

Wahalar tafiyar tana kan tudu. Tsakanin wannan tafki da na gaba akwai 'yar siririyar turba cikin duwatsu da saiwoyi da taɓo, kuma dole a bi ta da ƙafa. Babba ɗaya zai kifa kwalekwalen a kafaɗa, kansa a ciki, mai sauƙin nauyi ma yakan kai kilo 20. Wani ya goya jakar abinci da tanti, yara su riƙe filafilai, sauro kuwa yana nasa aiki. A wuni guda ana iya yin haka sau da yawa. Turbobin tsofaffi ne. Mutanen Ojibwe, 'yan asalin wurin, sun bi su da jiragensu na ɓawon itace, daga baya 'yan dakon fatun Turawa suka bi su da ƙunshi biyu a baya, kowane kusan kilo 40.

A ganina wannan turba ta fi kowane ma'aikacin daji tsaron wurin. Wanda ya san duk abin da ya zo da shi gadon bayansa ne zai biya kuɗinsa, ba sai an roƙe shi ya bar janareta da amsa-kuwwa a gida ba. Yaron da ya nace sai an taho masa da tarkacensa, tun a turbar farko yake gane kurensa, ba tare da uwa ta ce uffan ba.

Doka ta ƙarasa sauran. Ayari ɗaya ba ya wuce mutum 9 da kwalekwale 4, abin da zai sa babban gida irin namu ya rabu biyu ko uku. Daga 1 ga Mayu zuwa 30 ga Satumba, kowace mashiga tana da adadin ayarin da za su shiga a rana. An hana gwangwanin abinci da kwalba. Ba a kwana sai a masaukan da aka tanada, kusan 2,000, kowane da murhun ƙarfe da masai. Itacen girki sai wanda ya mutu ya faɗi da kansa. Wanda yake ganin an cika tsanani ya tuna gobarar Ham Lake ta 2007, wadda ta tashi daga wutar masauki guda ta cinye eka sama da 70,000.

Kada a ɗauka an samu wannan tsari cikin ruwan sanyi. Tun 1949 Shugaba Truman ya hana jiragen sama yin ƙasa-ƙasa a kan dajin, abin da ya karya masu otal-otal na tsakiyar tafki, gwamnati ta riƙa saye wurarensu tana rushewa. Kafin dokar 1978 da ta hana sare katako ta kuma rage jirage masu inji, rai ya ɓaci a Ely har aka rataye mutum-mutumin Sigurd Olson, marubucin garin da ya tsaya kai da fata a kan a bar dajin yadda yake. Masu fushin suna da hujja, domin abincinsu aka taɓa. Su kuwa Ojibwe, waɗanda yarjejeniyar 1854 ta raba su da wannan ƙasa, sun fi kowa sanin cewa dajin da baƙi ke yaba wa da rashin mutane ya taɓa zama gidan wasu.

Mu a nan, idan aka ce za a raya bakin dam ko maɓuɓɓuga don masu shaƙatawa, abin da ake fara lissafi shi ne kwalta har bakin ruwa, rumfunan siminti, da ƙofar da ba ta mayar da kowa muddin ya biya. Alhali ƙayyadewa ba baƙuwarmu ba ce. A Argungu, hana kamun kifi a kogin Matan Fada har ranar bikin su shi ne ke sa a fito da giwan ruwan da sai an taru a kansa, kuma Sarkin Ruwa bai koyo wannan daga Amurka ba. Abin da mutanen Minnesota suka ƙara shi ne sun yarda a ce wa mai kuɗi a hannu yau wuri ya cika. Ana buɗe rajistar izinin shiga tun ƙarshen Janairu, lokacin da tafkunan ke daskare, wanda ya makara kuwa sai ya nemi wata mashiga ko ya sauya rana.