Kafin A Kira Shi Sakarai

Da wuya a sami unguwa, tun daga Gyallesu har Tudun Wada da cikin birnin Zariya, da babu irin wannan saurayin. Ya haura shekara ashirin, hankalinsa garau, in ana muhawara ba a kada shi, amma in an miƙa masa kofin shayi sai ya ɓarar, in zai sa maɓallin riga sai ya daɗe yana fama, rubutunsa kuwa shi kansa da ƙyar yake karantawa. An kai shi koyon ɗinki ya kasa zura zare, an mai da shi gareji maigida ya sallame shi don sufana tana kuɓuce masa. Tun yana yaro ya sha bulala, an laƙaba masa sakarai da malalaci, har ya kai ga yarda da hakan.

Abin takaici shi ne, da yawa daga cikin irin waɗannan 'yan uwa lalura ce da su wadda likitoci suka daɗe da sani. Ana ce mata disfiraksiya, wato ƙwaƙwalwa tana wahala wajen tsara motsin gaɓoɓi, alhali gaɓoɓin lafiyarsu lau, basirar mutum kuma ba ta taɓu ba. A 1987 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sanya ta cikin kundinta, a 1994 kuma masana suka taru a garin Landan na ƙasar Kanada suka daidaita a kan sunanta da ma'anarta. Kiyasin masana shi ne tana samun yara 5 zuwa 6 cikin 100 na 'yan makaranta, an fi ganinta ga maza, kuma haihuwar bakwaini tana ƙara haɗarinta. A da ana zaton yaro yana girma za ta barshi. Yanzu an tabbatar da yawa suna shiga girma da ita.

To, me zai sa baligi ya je neman a auna shi, tunda babu ƙwaya ko allurar da ke warkar da ita? Na farko, don ya sauke nauyin zargin kansa da ya ɗauka shekara da shekaru. Na biyu, don ya zaɓi sana'ar da ta dace da shi. Wanda auna tazara da sarrafa hannu ke ba wahala, in aka tura shi acaɓa a kan titin Kongo don kawai ya daina zaman banza, an jefa ransa da na fasinja cikin haɗari. Na uku, ana koyar da dabarun rarraba aiki kashi-kashi da maimaitawa har hannu ya saba, kuma suna amfani ko bayan girma.

Ba a gano ta da gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa. Abubuwa huɗu likita ke dubawa: cewa iya motsin mutum ya gaza na sa'o'insa ƙwarai, cewa hakan na hana shi ayyukan yau da kullum, cewa abin ya faro tun yarinta, kuma ba raunin gani ko wata cutar jijiyoyi ce ta jawo shi ba. Saboda haka ɗan uwan da ke zargin yana da ita, ya zauna da mahaifiyarsa ko yayansa ya ji yaushe ya fara tafiya, yaya ya koyi keke, ya nemo tsofaffin littattafansa na firamare, ya rubuta abubuwan da ke gagararsa. Sannan ya yanki kati a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ya nemi a tura shi ga likitan jijiyoyi da masu gashin ƙashi. Masana wannan fanni 'yan kaɗan ne a ƙasar nan, sai an yi haƙuri da naci.

Amma a yi hattara! Wanda a da lafiyarsa ƙalau, sai kwatsam hannu ya fara saki ko ƙafa ta fara ja, wannan ba disfiraksiya ba ce. Yana iya zama mafarin shanyewar ɓarin jiki, a garzaya da shi asibiti a ranar.

Masu saurin cewa aljanu ne ko sammu, su sani addu'a ba ta hana zuwa asibiti, neman magani kuma ba ya rushe tawakkali. Iyaye da malamai da iyayen gida a wuraren sana'a su ji tsoron Allah, su ajiye bulala da baƙar magana, domin dukan yaro a kan abin da ba shi da iko a kai zalunci ne. Samari kuma su daina mai da abokinsu abin dariya a majalisa. Wanda ya san hanyar Shika ya raka shi.

Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, amin.