Makullin da Ke Hana Mai Gida Shiga Ɗakinsa

'Yan uwana ɗalibai, duk wanda ya zaga Bosso ko Tunga a nan Minna zai ga yadda wasannin kwamfuta suka shiga ran matasa. Amma ba kowa ne ya san rikicin da ke tsakanin masu yin wasannin da masu sayensu ba, alhali kuwa akwai darasi a cikinsa ga mu da muke fatan zama marubuta da masu fassara.

Da farko, wasan zamani ba ya tafiya sai da katin hoto, wato na'urar da ke zana duk abin da ido ke gani a fuskar kwamfuta. Tun da kamfanin Nvidia ya fito da GeForce 256 a 1999 ake ta tsere. Sabon wasa na neman kati mai ƙarfi, sabon kati kuma na neman aljihu mai nauyi. Da wasan Crysis ya fito a 2007, kwamfutoci kaɗan ne suka iya ɗaukarsa yadda ya kamata. To, ina ga ɗalibin da ke lallaɓa kwamfutar gwanjo?

Na biyu shi ne makullin hana kwafa. Don tsoron satar fasaha, kamfanoni kan sa wa wasa manhajar da ke tantance mai shi. A 2008 kamfanin EA ya saki wasan Spore da makullin SecuROM, ya ce sau 3 kawai za a iya ɗora shi, sai da aka yi ca sannan ya ƙara zuwa 5. Duk da haka wasan na cikin waɗanda aka fi sacewa a shekarar. A 2010 Ubisoft ya wajabta wa masu Assassin's Creed II zama a kan intanet muddin suna wasa. Mai karatu, auna wannan sharaɗi da halin da muke ciki: jihar da ke da madatsun Kainji da Shiroro, amma ɗauke wuta ya zama ruwan dare, kuɗin data kuma sai an yi lissafi. Shi kuwa Denuvo, wanda ya bayyana a 2014, yakan ɗauki canjin kayan cikin kwamfuta a matsayin sabuwar kwamfuta, idan aka wuce 5 a yini sai ya rufe ƙofa. Da Windows 10 ta zo a 2015 ma, tsofaffin faya-fayai masu makullin SafeDisc sun daina buɗewa a hannun waɗanda suka saya da guminsu.

Wa aka hukunta ke nan? Ɓarawo ya cire makullin ya yi gaba, mai gaskiya na tsaye a bakin ƙofa. An bar jaki ana dukan taiki.

Kada a ɗauka ina kare ɓarayin fasaha. Sata sata ce, kuma Dokar Haƙƙin Mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta haramta fasa irin waɗannan makullai a Nijeriya. Mun kuma ga yadda masu kwafar faya-fayai da masu tura fim a waya suka durƙusar da kasuwar finafinan Hausa a Kano. Sai dai mu tambayi kanmu: me ya farfaɗo da masana'antar? Sauƙin samu ne. Da shirye-shirye irin su Izzar So da Labarina suka samu gurbi a YouTube, mai kallo ya daina neman ɓarauniyar hanya. Haka ma shagon GOG na ƙasar Folan, tun 2008 yake sayar da wasanni ba makulli, kuma bai rufe ba.

A ganina, gobe idan ɗayanmu ya wallafa ƙamus na waya, ko ya shirya wasan koyar da karin magana, ya yi shi daidai ƙarfin na'urorin da ke hannun jama'armu, ya sa farashin da ɗalibi zai iya biya, ya bar shi ya yi aiki ko babu intanet. Mu kuma masu saye, mu riƙa biyan haƙƙin mai abu, domin wanda ya ci gumin wani yau, gobe nasa za a ci. Allah Ya sa mu gane.