Ruwan Lakwaja Ba Baƙo Ba Ne, Mu Ne Ke Mantuwa



Duk wanda ya zauna Lakwaja ya san cewa a nan kogin Kwara da na Binuwai suke haɗuwa, kuma ya san abin da watan Satumba ke iya kawowa. A 2012 ruwa ya datse hanyar Abuja zuwa Lakwaja, motoci suka yi kwanaki a tsaye. Hukumar NEMA ta ce mutum 363 suka rasu a faɗin ƙasa, sama da miliyan 2 suka bar gidajensu. Shekara goma daidai, a 2022, sai ga shi ya dawo. Wajen Kotonkarfe tankoki suka maƙale har man fetur ya yi wuya a Abuja, rayuka fiye da 600 suka salwanta a ƙasar. Adankolo da Ganaja sai da kwalekwale.

Abin da ke damuna shi ne halinmu mu Hausawa baƙi. Mu ne ke kama ɗaki a bakin kogi saboda haya ta fi sauƙi, mu ne ke jibge buhunan masara da wake a ƙasa ba ko katako. Ni kaina a 2022 na yi asarar buhu goma sha ɗaya, ba don ban ji gargaɗi ba, sai don na ce bari mu ga gobe. Goben ta same ni cikin ruwa iya gwiwa.

Da an yi magana sai ka ji an ce laifin Kamaru ne, sun buɗe dam ɗin Lagdo. Gaskiya ne suna sakin ruwa, kuma gaskiya ne dam ɗin Dasin Hausa da aka tsara ginawa a Adamawa don ya tare shi ba a kammala ba. Amma ruwan saman da ke sauka a ƙasarmu ma yana da nasa kason, kuma zagin Kamaru bai taɓa ɗaga wa kowa buhu ba.

Ruwan nan fa ba dare ɗaya yake isowa ba. Yakan ratsa Yola, ya ratsa Makurɗi, kafin ya zo mana. A duk garuruwan nan muna da 'yan uwa, muna da direbobi. Me zai hana Sarkin Hausawa ya naɗa mutum biyu, aikinsu daga Agusta zuwa Oktoba su riƙa buga waya suna tambayar inda ruwa ya kai? Hukumar NIHSA na fitar da hasashen ambaliya kowace shekara, amma da Turanci, kuma mai sayar da albasa ba ya karanta jarida. A samu ɗalibi ya fassara, liman ya sanar bayan Juma'a.

Sannan maganar kuɗi. In biki ne ko suna, nan da nan za a haɗa gudummawa, adashi kuwa ba ya yankewa. Amma asusun haya mota a kwashe mata da yara da tsofaffi zuwa kan tudu, babu. Ko sunayen masu ciki da marasa lafiya na unguwa ba mu rubuta ba, balle mu san makarantar da za a sauka.

Na kai wannan magana taron 'yan kasuwarmu, aka ce in bari sai bayan Sallah. Zan sake tayar da ita ranar Lahadi, kuma littafin rubuta sunayen na riga na saya.