Waiwaye: Ranar da Gadar Millennium ta Landan ta yi rangaji

Ranar Asabar, 10 ga Yuni, 2000, aka buɗe wa jama'a sabuwar gadar masu tafiya a ƙasa a kan Kogin Thames, a tsakiyar birnin Landan. An yi fiye da shekara ɗari rabon da a tsallaka kogin da gada a sabon wuri a wannan yanki, don haka mutane suka yi dafifi. Gadar Millennium ke nan, wadda ta haɗa majami'ar St Paul da ke arewacin kogin da gidan zane-zane na Tate Modern da ke kudu. Tsawonta mita 325, faɗinta mita 4, an kashe mata sama da fam miliyan 18. Kamfanin injiniyoyi na Arup ne ya yi lissafinta, tare da ofishin fitaccen mai zanen gine-gine Norman Foster. Sun so gada siririya wadda ba za ta tare wa kowa ganin gari ba, sai suka rataye ta da igiyoyin ƙarfe takwas, huɗu ta kowane gefe, aka ɗaure su tamau har lanƙwasarsu a tsakiya ba ta wuce mita 2.3 ba.

Mutum wajen 90,000 ne suka bi ta kanta a wannan yini, a wasu lokutan 2,000 a tashi ɗaya. Ana cikin haka gadar ta soma rangaji, dama da hagu, har motsin ya kai santimita 7 a tsakiyarta. A takarda santimita 7 ba wani abu ba ne, amma duk wanda ya kalli bidiyon ranar ya san a ƙafa ba haka yake ba. Za ka ga manya sun buɗe ƙafafu suna takawa a hankali, wasu sun cafke ƙarfen gefe sun tsaya cak, kawunan jama'a kuma suna karkata wuri ɗaya su dawo wuri ɗaya. Washegari aka gwada rage yawan masu hawa, abin bai daina ba. Ranar 12 ga wata aka rufe ta.

Da farko an ɗora wa iska laifi. Da aka ga ba ita ba ce, sai aka tuno da tsohon labarin da kowane ɗalibin injiniya ya sani: a 1831 sojoji suna maci a kan gadar Broughton kusa da Manchester, takunsu ya zo daidai da kaɗawar gadar, ta karye da su. Tun daga lokacin ake umartar soja su saki taku idan za su hau gada. To amma mutanen Landan ba maci suke yi ba. Iyalai ne da 'yan yawon buɗe ido, kowa da irin tafiyarsa, babu ganga babu kwamanda.

Ga yadda abin yake. Kowace gada tana da saurin kaɗawa irin nata, wanda nauyinta da ƙarfin jikinta suka yanka mata. Injiniyoyi sun daɗe da sanin cewa mai tafiya yana danna ƙasa kusan sau biyu a daƙiƙa, kuma ƙa'idar ginin gada ta Ingila a lokacin ta ce a duba wannan dannawa ta sama da ƙasa. An duba, gadar ta tsallake. Abin da ƙa'idar ba ta tambaya ba shi ne turawar gefe. Idan mutum ya taka da ƙafar dama yana ɗan tura ƙasa dama, ya taka da hagu ya tura hagu, zagaye ɗaya a kusan kowace daƙiƙa. Turawar ba ta da yawa, ba ta fi nauyin kilo biyu ko uku ba, kuma a cikin taro ta wannan takan kashe ta wancan. Sai dai sassan wannan gada uku suna kaɗawa ta gefe tsakanin sau ɗaya a daƙiƙa biyu da sau ɗaya a daƙiƙa ɗaya, wato dab da saurin wannan turawa, kuma jikinta ba ya shanye motsi sosai. Wanda ya taɓa miƙewa tsaye cikin kwale-kwale ya san ba ya shawara da ƙafarsa, ita take neman inda za ta dafe don kada ya faɗi. Haka mutanen kan gada suka yi, kuma gyaran tsayuwar da kowa ya yi don ya tsira shi ne ya riƙa ƙara wa gadar ƙarfin rangaji.

Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin labarin nan bai faru a Landan ba. Shekara bakwai kafin wannan rana, a 1993, Farfesa Yozo Fujino na Jami'ar Tokyo da abokan aikinsa uku sun wallafa bincike kan wata gadar ƙafa a garin Toda na ƙasar Japan. Gadar tana kusa da filin tseren jiragen ruwa, kuma duk lokacin da 'yan kallo suka tashi suka cika ta sai ta kama kaɗawa ta gefe. Masu binciken suka kafa kyamara, suka zauna suna bin motsin kawunan mutane ɗaya bayan ɗaya a cikin hoton, suka ƙiyasta cewa kusan kashi 20 cikin ɗari sun daidaita takunsu da motsin gadar. Har magani aka yi mata da ƙananan tankunan ruwa da aka jera a cikinta. Aiki ne na haƙuri, an yi shi da kyau, an rubuta shi dalla-dalla. Amma a mujallar injiniyoyin girgizar ƙasa ya fito, inda mai zanen gadar ƙafa ba lalle ya leƙa ba, kuma bai shiga cikin littattafan ƙa'ida ba. Ba shi kaɗai ba ne gargaɗin. A 1975 babbar gadar Auckland ta New Zealand ta yi irin wannan motsi lokacin da ayarin 'yan ƙabilar Maori masu zanga-zangar ƙasa suka tsallaka ta. A Disamba 1999, wata shida kacal kafin ta Landan, an rufe gadar Solférino ta birnin Paris jim kaɗan bayan buɗe ta, kuma kaɗawa na cikin dalilan. Hausawa suna cewa in kunne ya ji, jiki ya tsira. A nan an yi maganar, kunnen ne bai kai wurin ba. Ina ganin wannan shi ne babban darasin: bincike bai gama aikinsa ba ranar da aka buga shi, sai ranar da ya isa teburin wanda zai sa hannu a kan zane.

Ya kamata a yaba wa injiniyoyin Arup kan abin da suka yi daga baya. Ba su tsaya kare kai ba, suka koma jami'o'i. A Jami'ar Southampton, wadda ke da cibiya ta musamman kan binciken sauti da girgiza, da kuma Kwalejin Imperial ta Landan, aka riƙa ɗora mutane kan dandamali mai motsi ana auna ƙarfin da ƙafarsu ke fitarwa. A Cambridge, Allan McRobie ya rataye injin tafiya a wuri ɗaya don ya ga yadda mutum da abin da yake takawa suke jan juna. Sannan a Disamba 2000 aka koma kan gadar kanta da ma'aikatan kamfanin, ana ƙara su rukuni-rukuni a sashenta na arewa, na'urori suna rubuta motsi. Da mutum 156 gadar tana nan lafiya lau. Da aka ƙara goma suka zama 166, sai motsin ya tashi farat ɗaya. Wannan gwaji ya nuna abin da lissafin ofis bai nuna ba: kowane mai tafiya yana cinye wani ɗan kaso na ikon gadar na shanye motsi, kuma idan yawansu ya kai wani adadi ikon ya ƙare, daga nan kaɗawa ita ke ciyar da kanta.

Hanya biyu ce ta rage. Ko a ƙara wa gadar tauri har saurin kaɗawarta ya wuce na taku, wanda ke bukatar ninka ƙarfinta kusan sau goma, ya kuma ɓata siffar da aka gina ta dominta. Ko a koya mata shanye motsi. Aka zaɓi ta biyu. Aka sa mata na'urori 37 irin na bututu mai cike da ruwa mai kauri, waɗanda ke mayar da motsi zafi, yawancinsu domin kaɗawar gefe, da wasu 52 na dunƙulen ƙarfe a kan sifirin, waɗanda ke motsawa saɓanin motsin gadar, domin na sama da ƙasa. Gyaran ya ci fam miliyan 5. A Janairu 2002 aka tara mutum kusan 2,000 suka taka ta ana aunawa, ta tsaya daram, aka sake buɗe ta ranar 22 ga Fabrairu. Kafin nan ma, a Nuwamba 2001, injiniyoyin sun buga duk abin da suka gano a mujallar ƙungiyar injiniyoyin gine-gine ta Ingila, har da lissafin da za a gane adadin mutanen da gada za ta ɗauka kafin ta soma. Ƙa'idoji suka canza, Faransa ma ta fitar da nata jagoran gadojin ƙafa a 2006.

Mai kuɗin gada ya samu biyan bukata, amma malaman jami'a ba su rufe littafin ba, kuma wannan ɓangaren ne nake so ɗalibanmu su lura da shi. A 2005 Steven Strogatz na Jami'ar Cornell da abokansa suka wallafa bayani a mujallar Nature cewa haɗuwar takun jama'a wuri ɗaya da kaɗawar gada tare suke tasowa, kowanne yana ƙarfafa ɗan'uwansa. Bayanin ya yi daɗin ji, ya dace da abin da ido ya gani a bidiyo, ya shiga azuzuwa. Sai John Macdonald na Jami'ar Bristol ya auna tsohuwar gadar Clifton lokacin da taro ya cika ta, ya ga kaɗawar gefe tana ƙaruwa da yawan mutane ba tare da alamar sun haɗa taku ba. Ya zo da wani bayanin: ko da kowa yana tafiya da saurinsa, inda yake ajiye ƙafa don ya riƙe tsayuwarsa ya isa ya zuba wa gada ƙarfi. A 2021 shi da McRobie da Igor Belykh na Jami'ar Jihar Georgia ta Amurka da wasu suka tattara shaidu daga gadoji da dama suka nuna cewa gadar ce ke fara motsi, haɗa takun yana iya biyo baya. Abin da aka ɗauka sanadi ashe sakamako ne. Bambancin ba na cacar baki ba ne, domin mai zane da ya yi zaton sai saurin gadarsa ya yi daidai da na taku kafin ta kaɗa zai iya sakin jiki inda bai kamata ba.

Shekara 21 aka yi ana gyara amsar tambaya ɗaya, kuma kowane gyara daga awo ya fito. A da, na'urorin wannan awo sai manyan cibiyoyi. Yanzu ma'aunin motsi yana cikin kusan kowace wayar hannu ta zamani, shi ne yake juya hoton allo idan ka karkata ta. A 2022 masu bincike daga jami'ar MIT da abokan aikinsu suka nuna cewa wayoyin da ke cikin motoci masu tsallaka gadar Golden Gate ta San Francisco suna iya gano saurin kaɗawarta, kuma sakamakon ya yi kusa ƙwarai da na na'urorin da aka kafa a jikinta. Amfaninsa shi ne idan saurin kaɗawar gini ya sauya daga yadda aka san shi, alama ce wani abu ya saki ko ya tsage tun ido bai gani ba.

Wannan ƙofa a buɗe take ga sassan injiniya na Zariya da Kano da Maiduguri da Yamai. Muna da gadojin ƙafa na ƙarfe a bakin kasuwanni da tashoshin mota, waɗanda ke cika maƙil da safe da yamma. Ɗalibin ajin ƙarshe da malaminsa za su iya zaɓar guda ɗaya, su auna ta tana wofi, su auna ta a cike, su rubuta lambobin da ranar da aka ɗauke su, ajin da ke biye ya maimaita baɗi. Idan an ɗaure kundin, kwafi ɗaya ya tafi ɗakin karatu kamar yadda aka saba, ɗaya kuma a kai shi hannu da hannu ma'aikatar ayyuka da reshen ƙungiyar injiniyoyi na jihar, tare da shafi guda da ke faɗin abin da aka gani cikin harshen da darakta zai karanta kafin ya tashi daga ofis.