Shekara tara tana karɓar haihuwa, an ce ta koma aji ɗaya

1/ Zare ne mai ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe. Musamman ku da kuke shirin cike fom ɗin makarantun kiwon lafiya bana. Abin nan ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya.

2/ Yayata CHEW ce. Shekara uku ta yi tana karatun lafiyar al'umma, ta ci jarrabawar hukumarsu, ta karɓi lasisi. Yau shekararta tara a wani ƙaramin asibitin ƙauye a nan Ɗambatta. Awon ciki, rigakafi, wanke rauni, karɓar haihuwa da tocila in babu wuta. Duk ita ce.

3/ Bara ta ce tana son zama cikakkiyar nas. Ta ɗauki takardunta ta je wata makaranta ta tambaya: "Darussan da na riga na yi, za a ƙirga min?" Aka ce a'a. Ta je ta rubuta JAMB, in ta samu ta shiga aji ɗaya tare da yaran da suka gama sakandare jiya.

4/ Abin da kawai aka duba shi ne sakamakon sakandarenta: kiredit biyar a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, a zaman da bai wuce biyu ba. Wato takardar da ta samu tana yarinya tana da daraja, amma ta karatun lafiya na shekara uku ba a ko buɗe ta ba. Haba jama'a!

5/ Kar ku ce min ba a yin irin wannan a Najeriya. Ana yi. Mai NCE ko difloma yana shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. Nas mai rajista in tana son zama ungozoma, wata 18 take yi, ba ta sake shekara uku. Ƙofar tana nan. CHEW ce kawai aka rufe wa.

6/ Ga abin da ya fi ɗaure min kai. A 2014 gwamnatin tarayya ta fito da tsarin raba ayyukan asibiti, wanda ya ba CHEW da aka horar damar yin wasu ayyukan nas da ungozoma, har da karɓar haihuwa, saboda ƙarancin ma'aikata. An yarda da hannunta a kan ran mai naƙuda, amma ba a yarda da takardarta ba?

7/ Tushen matsalar gida biyu ne. Nas da ungozoma suna ƙarƙashin NMCN. CHEW suna ƙarƙashin CHPRBN. Kowa da manhajarsa, kowa da rajistarsa, babu gada a tsakani. Ɗalibi ne ke faɗawa ramin.

8/ Na san 'yan uwana nas za su shigo su ce aikin jinya daban ne, rai ne a hannu, ba a yin sassauci. Gaskiyarku. CHEW ba nas ba ce, kuma ban ce a miƙa mata lasisi a faranti ba.

9/ Cewa na yi a gwada ta. A jera manhajojin biyu, a ware darussan da suka yi daidai, kamar sassan jikin ɗan Adam da kula da mai ciki. A yi mata jarrabawa mai tsauri, ta rubutu da ta aiki. Ta ci, a tsallake mata. Ta faɗi, ta maimaita. Ina sassaucin yake a nan?

10/ Wasu kuma za su ce karatun ya tsufa. Karatun da aka ajiye a akwati shi ke tsufa. Wanda ake aiki da shi kullum safiya ta Allah kaifi yake ƙarawa.

11/ Ku duba asarar. Macen aure mai yara huɗu ba za ta bar albashinta shekara uku zuwa huɗu ba. Sai ta haƙura. Irinta kuwa ita ce ba za ta gudu Ingila ko Saudiyya ba, don mijinta da gonarsu da iyayenta suna nan. A Ajumawa ko Fagwalawa ko Sansan za ta zauna har ta yi ritaya.

12/ Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mata kusan 82,000 ne suka rasu a Najeriya sanadin ciki da haihuwa a 2020, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Muna kukan babu ma'aikata, muna korar waɗanda suka riga suka yi rabin tafiya. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

13/ Makarantar ungozoma tana nan cikin garin Ɗambatta. Malamai akwai, asibitin koyon aiki akwai. Abin da ya rage shi ne hukumomin nan biyu su zauna su tsara gajeren kwas na haɗe gada, gwamnatin Kano da 'yan majalisarmu kuma su matsa musu.

14/ Ƙannena masu cike fom: in nas kike son zama, kar ki yarda wani ya ce miki "fara da CHEW, daga baya kya juya." A yadda tsarin yake yanzu, juyawar komawa farko ce. Ki tambaya da kyau kafin Baba ya sayar da hatsi ya biya kuɗin makaranta.

15/ Yayata ta sayi littattafan JAMB, tana karatu da daddare bayan yara sun yi barci. Allah Ya ba ta sa'a. In kun san mai irin labarinta, ku ajiye a ƙasa, ku kuma tura zaren nan ga wakilinku.