Labarin Nesa: Fardin, ɗan kokowa da ya zama gwanin sinima

A wannan wata za mu kai ku ƙasar Iran, can gaba da Makka, ku ji labarin wani mutum mai suna Muhammad Ali Fardin.

An haife shi a birnin Teheran. Da fari shi ɗan kokowa ne. Kokowarsu ta bambanta da tamu, don can ana auna nauyin mutum, kowa ya kama da daidai shi. A shekarar 1954 aka yi kokowar duniya a Tokyo, ƙasar Japon. Fardin ya zo na biyu a ajinsa, aka ba shi lambar azurfa.

Daga nan masu sinima suka neme shi. Yana da ƙarfi, yana da fara'a. A 1965 aka fito da fim ɗin da ya ɗaukaka shi, "Ganje Ƙarun", watau Taskar Ƙaruna. Ga yadda labarin yake. Wani attajiri ya tara dukiya amma ba shi da kwanciyar rai. Ya faɗa kogi don ya kashe kansa. Sai wani talaka, Ali marar damuwa, ya fid da shi, ya kai shi gida, suka ci romon nama da albasa. Ashe attajirin nan uban Ali ne, wanda ya yashe shi da uwarsa tun yana yaro. Fardin ne ya fito a matsayin Ali. Talakawa suka ga kansu a cikinsa, suka cika gidajen sinima. Waƙoƙin da yake yi a fim ɗin nan ba muryarsa ba ce, wani mawaƙi ne, Iraj, ke rerawa. Wannan bai dami kowa ba.

Bai tsaya ga wasa kaɗai ba. Shi da kansa ya shirya fina-finai. Wanda aka fi sani shi ne "Sultane Ƙalbha", Sarkin Zukata, na 1968. Sunan nan ya bi shi har ƙarshen ransa.

A 1979 aka tumɓuke sarkin Iran, malamai suka karɓi mulki. Sabbin shugabanni suka ce fina-finan zamanin sarki na ɓata tarbiyya. A 1982 Fardin ya sake fitowa a fim guda, mutane suka yi tururuwa, sai aka tsai da fim ɗin. Aka hana shi sana'arsa. A ganinmu an tsananta masa, don shi talaka mai mutunci yake nunawa. Bai gudu waje ba kamar wasu abokan aikinsa. Ya zauna Teheran, ya buɗe kantin burodi da kayan zaƙi, yana jiran ranar da za a bar shi ya koma. Shekara 18 yana jira.

Ya rasu a watan Afrilu na 2000, da ciwon zuciya. Dubun dubatar mutane suka raka gawarsa zuwa maƙabartar Behesht Zahra.