Shugabancin NERC: Ko sanatoci na yin tambayoyin da suka dace?

Kujerar shugaban hukumar kula da harkar wutar lantarki ta Najeriya, NERC, ba ta cikin kujerun da ake yawan kai ruwa rana a kansu kamar ta minista ko ta gwamna. Amma wanda ke kanta shi ne ke jagorantar zaman da ake yanke farashin wutar da mai walda a Kano ko mai injin niƙa a Gusau zai biya. Don haka yadda Majalisar Dattawa ke tantance shi abu ne da ya shafi aljihun kowa.

A ranar 3 ga Afrilun 2024 wannan hukuma ta ɗaga farashin wuta ga masu rukunin A daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 kan kowane yunit, bisa alƙawarin ba su wuta ta aƙalla sa'o'i 20 a rana. Ita ce kuma ta rushe hukumar gudanarwar kamfanin rarraba wuta na Kaduna a watan Janairun shekarar saboda bashin da ya yi masa katutu. Mai irin wannan iko, da zarar an tabbatar da shi, zai yi shekara biyar a ofis. Ranar tantancewa ce kusan damar ƙarshe da jama'a ke da ita ta jin abin da ke cikinsa ta bakin wakilansu. Tun ran gini ran zane.

Abin da ya faru a 2025 ya nuna yadda ake ɓarar da wannan dama. A watan Agusta Shugaba Bola Tinubu ya zaɓi Injiniya Abdullahi Garba Ramat, tsohon shugaban ƙaramar hukumar Ungogo a Jihar Kano. Ya bayyana gaban kwamitin wutar lantarki na majalisar, amma zauren majalisar bai tabbatar da shi ba. Majalisar ta ce akwai ƙorafe-ƙorafe a kansa, aka yi ta zarge-zarge ana musantawa, har zuwa Disamba da aka naɗa Musiliu Oseni, wanda dama shi ne mataimakin shugaban hukumar.

A tsawon waɗannan watanni, muhawarar da ta cika shafukan sada zumunta a Arewa ita ce ko an hana ɗanmu kujera, wasu kuma na tsayawa kan shekarunsa. Ba laifi ba ne yanki ya nemi wakilci. Sai dai mai biyan kuɗin wuta ya fita daga wannan taƙaddama bai san matsayin ɗan takarar farko kan farashi ba, bai san na wanda ya maye gurbinsa ba, bai kuma ga cikakken bayanin ƙorafin da aka ce an shigar ba. Wannan rashin adalci ne ga jama'a, haka ma ga mutumin da aka bar sunansa cikin jita-jita.

Akwai tambayoyi huɗu da bai kamata wani ya hau wannan kujera ba tare da ya amsa su a bainar jama'a ba.

Ta farko kan mita ce. Tun da aka miƙa yawancin kamfanonin rarraba wuta 11 ga 'yan kasuwa a Nuwamban 2013, miliyoyin gidaje na biyan bil na kintace. NERC ta ƙayyade iyakar abin da za a caji wanda ba shi da mita tun 2020, amma a 2024 sai da ta ci tarar kamfanonin duka saboda saɓa wannan umarni. A tambayi ɗan takara: wane hukunci zai ƙara idan tara ba ta hana ba, kuma cikin shekara nawa zai kawo ƙarshen kintace?

Ta biyu kan alƙawarin sa'o'i 20 ce. Wa ke auna su, kuma ta wace hanya kuɗin wanda aka gaza bai wa wutar zai koma hannunsa ba tare da ya yi ta zarya ofis ba?

Ta uku kan alaƙarsa da waɗanda zai sa wa ido. Yana da hannun jari a wani kamfanin wuta? Ya taɓa yi musu kwangila? Idan fadar shugaban ƙasa ta buga waya tana son a jinkirta hukunci kan wani kamfani saboda mai shi na kusa ne, me zai yi? Alƙalin wasa da ke cin abinci a gidan ɗaya daga cikin ƙungiyoyin ba zai iya busa fanareti a kanta ba.

Ta huɗu kan sabon tsari ce. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta bai wa jihohi damar kafa nasu hukumomin, kuma jihohi irin su Enugu da Ekiti da Ondo sun karɓi ikon tun 2024. Kamfanin KEDCO kaɗai na hidimar Kano da Jigawa da Katsina. Idan kowace ta kafa hukumarta da farashinta, ta yaya za a daidaita su? Kuma bayan duhun da ya mamaye yawancin jihohin Arewa na fiye da mako guda a Oktoban 2024, sakamakon lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, wane tanadi zai tilasta a yi don kada yanki guda ya dogara da layi ɗaya ko biyu?

Wani zai ce tantancewa mai tsauri na jawo jinkiri, kuma hukuma ba shugaba ita ma asara ce. Gaskiya ne. Bayan wa'adin Sam Amadi ya ƙare a 2015, sai a 2018 hukumar ta samu tabbataccen shugaba, Farfesa James Momoh, bayan Farfesa Akintunde Akinwande da aka fara zaɓa bai hau kujerar ba. Amma ba yawan tambaya ne ya jawo wannan jinkiri ba, haka ma na 2025. Maganinsa shi ne a sa wa'adi: a tantance cikin makonni, a haska zaman kai-tsaye, a wallafa ƙorafi tare da amsar wanda ake ƙorafi a kansa, sannan a kaɗa ƙuri'a a fili. Al'adar "rusuna ka wuce" ba ta dace da wannan kujera ba, haka ma ajiye sunan mutum a aljihun tebur ba bayani.

Mu ma akwai namu aikin. Kowane sanatan Arewa na da mazaɓar da yake wakilta. Duk ranar da aka sake aika sunan wani, ƙungiyoyin masu masana'antu na Sharaɗa da Chalawa, da masu walda da masu ƙanƙara, su rubuta tambayoyinsu su kai masa, su kuma bi sawu su ji ko ya yi su. Bil ɗin ƙarshen wata ba ya tambayar daga wace jiha shugaban NERC ya fito.